Maƙogwaron da na ba da aro

Da na kama bakina ranar da ƙanensa ya dawo da motar goro karo na biyu, da uwar maigidana ta ji muryarsa kafin ya bar duniya? Na tambayi malamai, na tambayi kaina a kan sallaya har kaina ya yi fari fat, ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba, jikata ce ke rubuta wannan. Na gaya mata in ta ga ina kuka kada ta ajiye alƙalami, kuka ba ya hana ni magana.

Mu mutanen Zugu ne, garin da masu takarda ke rubutawa Djougou. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a nan ba su ƙara ɗauka ba. Maigidana bai bi fatauci ba. Wanzami ne, ya gaji zabira daga ubansa: aski, ƙaho, kaciya da cire beli, ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki. Da wuya a haifi jariri a unguwarmu bai leƙa bakinsa ba. Ga shi da surutu, yana aski yana ba da labari, har mutum ya manta akwai aska a kansa.

Uwarsa makauniya ce tun kafin a kawo ni gidan. Da murya take gane 'ya'yanta. Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuwa daga gaisuwar take sanin ko ya yi barci, ko mun yi faɗa.

A shekarun da aka sauya wa ƙasa suna daga Dahome zuwa Benin muryarsa ta soma disashewa. Tsohuwar ce ta fara ji, kafin ni. Shi kuwa ya yi abin da kowane wanzami zai yi, ya ce beli ne ya sake tsirowa. Ya tafi wurin abokin sana'arsa ya zauna a ƙasa, aka yanke ɗan abin da ya rage. Bai ji sauƙi ba. Na matsa masa muka je wani ɗakin magani, muka tarar da wani saurayi sabon fitowa daga lakwal, wato makarantar boko. Ya danne masa harshe da ɗan katako, ya haska fitila, ya ga miki. Da ya ji wanzami ne ya yi yankan sai ya hau faɗa. Ya ce ga ciwo nan a fili, ku kuka jawo da askarku. Ya ba mu siro, maganin ruwa na kwalba, ya ce a jira mikin ya warke.

Mikin ya warke, muryar ba ta dawo ba. Muka yi ta jira. Damina ta wuce, aka ci sabuwar doya, haɗiya ta soma yi masa wuya. Sannan muka hau mota zuwa Paraku, muka sauka gidan yayana a unguwar Lajifarani.

A asibitin akwai wani dattijon lokotoro mai duba kunne da hanci da maƙogwaro. Mutumin kudu ne amma ya daɗe a arewa, yana jin Dandanci da 'yar Hausa. Shi bai tsaya ga katako ba. Ya ɗaura wani madubi mai huda a goshinsa, ya ɗauko wani ɗan ƙarami a bakin tsinken ƙarfe, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ɗumama shi a kan 'yar fitila don kada numfashi ya dusashe shi, ya gwada zafin a bayan hannunsa, ya kama harshen maigidana da ƙyalle, ya zura madubin can ciki, ya ce masa ya ce "iii". Bai daɗe ba ya janye.

Maigidana ya roƙe shi kada ya ɓoye masa komai, shi kuma bai ɓoye ba. Ya ce wani tsiro ne can ƙasa, a inda murya ke fitowa, wurin da katako da fitila ba sa nunawa. Da an gani tun da damina, da an sa shi a jirgin ƙasa zuwa Kutonu an yi masa aiki. Yanzu ya ci wuri. Ya ce muryar da ta rage ba ta da yawa, in akwai wanda yake son ya yi wa magana, ya tafi ya yi. Ni a take uwarsa ta faɗo min a rai.

Har mun miƙe, sai lokotoron ya ce yana da roƙo. Akwai samari uku a tsaye jikin bango cikin fararen riguna, masu koyon likitanci ne da aka turo daga Kutonu su koyi aikin hannu. Ya ce sun ga irin wannan ciwo a littafi, ba su taɓa ganinsa a jikin mutum ba. Maigidana ya koma ya zauna.

Na farko ya ja harshen da ƙarfi har hawaye ya fito masa. Na biyu ya manta ɗumama madubin. Na uku, wani dogo mai sanyin magana, hannunsa na rawa, ya taɓo bangon maƙogwaro, maigidana ya kama kakarin amai har da ɗan jini. Lokotoron ya ce ya isa, ya ba shi haƙuri.

Da numfashinsa ya daidaita, maigidana ya tambaya ko sun gani. Aka ce ba wanda ya gani. Ya tambaya in sun gama karatu ina za a kai su. Aka ce ƙauyuka, wataƙila ma wajenmu. Ya bi hannuwansu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kallon da yake yi wa aska kafin ya saya. Sai ya ce gobe za mu dawo.

A hanya na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba. Na ce tsohuwa na can tana sauraron ƙofa, shi kuma zai zauna yara suna wasa da wuyansa. Ya bar ni na gama. Da muka isa gida ya ce min, cikin raɗa, shi da abokinsa sun yi kuskure da aska, saurayin ɗakin magani ya yi kuskure da katako, kuma duk kuskuren ɗaya ne: kowa ya tsaya a inda idonsa ya saba kaiwa. Ya ce waɗannan ukun in suka tafi a haka, wani mijin wata za su sallama da siro.

Kwana biyu bayan haka ƙanensa ya iso. Yana bin motar goro tsakanin Zugu da Paraku duk mako, ya riga ya gyara wa yayansa wuri a gaba. Maigidana ya ce ba yanzu ba. Ƙanen ya yi magiya, ya ce tsohuwa ta daina cin tuwon dare. Maigidana ya kau da kai. Na san halinsa, in ya kau da kai irin haka an gama.

Ni ce na kawo shawarar. Na ce tunda hannu ne ba su iya ba, ai kowane maƙogwaro zai yi. Su koya a nawa. Shi ya zauna a gefe ya gyara musu riƙo, kada ya yi magana sai dole. In duk ukun sun iya, kowa ya leƙa nasa sau ɗaya tak, mu hau mota.

Ƙanen ya riƙe baki. "Matarmu, ke za ki je ki hangame baki gaban ƙartin maza uku? Me zan ce a gida?"

"Ka ce na je awon haƙori. Kai da bakinka ba ya rufuwa tun daga Zugu har nan, wa ya taɓa kai ƙararka?"

Maigidana ya yi dariyar da ba ta da sauti, kafaɗunsa na rawa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗaga kai. Ƙanen ya tafi da wurin zama babu kowa, ya ce zai dawo mako mai zuwa.

Ashe faɗa ya fi yi sauƙi. Ni mace ce da ko asuwaki ya wuce wuri sai amai ya taso min. Da yamman nan maigidana ya zaunar da ni a tsakar gida, gwiwoyina tsakanin nasa, ya tsoma ƙaramin cokali a ruwan ɗumi. Cokalin bai kai ko'ina ba na ture hannunsa. Ya sake. Na sake turewa. Matar yayana tana tankaɗe tana ta dariya, ta ce shekara da shekaru ana neman mai rufe min baki, yau ga shi ana roƙona in buɗe. Ya koya min in saki kafaɗa, in riƙa yin numfashi ta baki gajere-gajere, in kafa ido a abu ɗaya. Na zaɓi maɓallin wuyan rigarsa. Na daina karya kumallo kafin mu fita. A kwana na uku cokalin ya zauna a ganɗata har ya ƙirga goma da yatsu.

Lokotoron da ya ji shawarar ya cire tabarau ya goge, ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da na ɗauka. Na ce na sani. Ya ware mana lokaci kullum da hantsi, bayan ya sallami marasa lafiya.

Maigidana ba ya jin Faransanci, su ba sa jin Hausa, ga shi muryar ma ajiyarta muke yi. Da hannu ya koyar da su. Yakan zauna a kan benci dab da ni, ya kama wuyan hannun yaro ya girgiza har ya saki. Ya nuna musu yadda ake kama harshe a riƙe shi kawai ba a ja ba, yadda ake ɗaga leɓen sama da yatsa ɗaya, yadda ake jingina ƙaramin yatsa a kumatun mutum don hannu ya samu wurin tsayawa. Ya nuna musu su jira mutum ya saki numfashi kafin su shiga. Haka yake yi wa jarirai tun yana saurayi. Lokotoron ya ce wasu abubuwan shi ma yana yi, amma bai taɓa lura yana yi ba, balle ya koyar.

Wani lokaci hannu ba ya isa, sai ya yi magana lokotoron ya fassara. Duk kalmar da ta fita sai in ji kamar an ɗebe ta daga rabon tsohuwa. Ina zaune baki buɗe, harshena a hannun wani, ba halin in ce masa ya yi shiru. Sai in taka masa ƙafa.

Kafin mako ya cika, biyu cikinsu sun iya. Na farkon ya yi tsalle ranar da ya gani, ya ce ga su nan, farare biyu, suna buɗewa suna rufewa. Ni da na haifi 'ya'ya biyar ban taɓa sanin akwai fararen abubuwa a wuyana ba. Dogon ne ya kasa. Ya fi su natsuwa, ya fi su tambaya, amma da madubin ya doshi bakina sai hannun ya soma rawa, ya taɓo inda ba a taɓawa. In na gama kakari ya ce, "Pardon, Mama," idonsa ya kawo ruwa. Rannan na ji yana gaya wa lokotoron wani abu a hankali. Aka fassara mana: ya ce a bar shi, kada a riƙe mara lafiya saboda shi, zai nemi ɓangaren da ba a bukatar hannu.

Washegari ƙanen ya dawo da mota. Maigidana ya rame a makon nan, koko kaɗai ke wucewa. Ƙanen ya ce tsohuwa ta sa an fitar mata da tabarma zaure, a nan take wuni. Maigidana ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗago ya nuna min yatsu biyu, ya juya tafin hannu, wato biyu cikin uku ai an samu. Ya gaji. Ya yarda a tafi. Ba abin da ya rage sai in ɗaure kaya.

Ni ce na ce a'a.

Na ce uku muka ce. Na ce na sha amai kwana bakwai, ba zan bar wanda ya fi kowa bukata ya tafi hannu na rawa ba, don shi ne za a kai ƙauyen da ba kowa, shi ne zai ga miki ya tsaya. Na ce mako ɗaya kawai. Ban san daga ina taurin kan ya zo min ba. Ko fushin saurayin ɗakin magani ne da bai bar ni ba, ko kuwa ina tsoron hanyar Zugu ne don na san abin da ke ƙarshenta, Allah ne ya sani. Ƙanen bai yi min wasa ba a ranar. Ya ce, "Ke za ki gaya wa tsohuwa, ba ni ba." Maigidana ya dube ni, ya mayar da hularsa kan ƙusa.

Kwana huɗu muka ƙara ba canji. A na biyar 'yar fitilar ta mutu, dogon ya ɗauki ashana ya ƙyasta. Maigidana ya kama hannunsa tun ashanar na ci. Da hagu ya ƙyasta. Ya karɓe madubin daga damansa ya danƙa masa a hagun.

Yaron ya ja da baya. Ya ce tun yana ƙarami a lakwal ake bugun hannun nan da rula har ya daina rubutu da shi, kuma a gidansu ba a miƙa wa babba abu da hagu, balle a sa masa a baki. Maigidana ya buɗe baki zai yi bayani, na riga shi don kada ya ɓata murya.

Na ce, "Ɗana, kwana tara damanka na sa ni amai. Kawo hagun mu gani."

Lokotoron ya fassara yana dariya, ya juya masa madubin goshi zuwa ɗaya idon. Yaron ya kama harshena da dama, ya jingina ƙaramin yatsan hagu a kumatuna. Na kafa ido a maɓallin rigar maigidana ina jiran amai. Bai zo ba. Ban ma ji shigar madubin ba. Na ce "iii", na sake cewa, na ji yaron ya daina numfashi. Da ya janye bai yi tsalle ba. Ya zauna yana kallon hannunsa.

Ranar da ta biyo suka leƙa na maigidana, kowa sau ɗaya kamar yadda aka yi alkawari. Ba wanda ya sa shi kakari. Dogon ne na ƙarshe. Da ya gama ya ɗauki takarda ya zana abin da ya gani a nawa da abin da ya gani a nasa, gefe da gefe, da hagu. Maigidana ya karɓa ya duba. Shekara talatin yana leƙa bakin mutane, ranar ya fara ganin abin da ke ƙasan inda askarsa ke tsayawa. Ya sa yatsa a kan tsiron, ya ce wa yaron da muryar da sai an kai kunne, duk wanda ya zo da disasshiyar murya, ko da miki ko ba miki, a ɗumama madubi. Lokotoron ya fassara. Yaron ya durƙusa har ƙasa, irin gaisuwarmu, ban san inda ya koya ba.

Motar ta zo a ranarta. Muka bar Paraku da hantsi, shi a gaba, ni a gefensa. Da muka kai Onkulu aka tsaya shan ruwa, na tambaye shi ko zai sha. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa. Ya dafa wuyansa ya dube ni. Na ce gajiyar hanya ce, in ya huta za ta dawo.

Tsohuwa na zaure a kan tabarmarta. Ta ji tsayuwar mota, ta ji takunsa, ta gyara zama tana jiran sallama. Ya durƙusa a gabanta. Ta ce, "Wane ne?" Ya kama hannunta ya ɗora a fuskarsa. Ta shafa goshi, ta shafa gemu, ta gane shi. Ta ce, "To yi magana mana, in ji ka."

Kwana tara ya yi a gida kafin ya rasu. Kullum da safe yakan sa a kai shi ƙofar ɗakinta ya durƙusa, ita kuma ta karkato kunne. Ni nake yin gaisuwar a madadinsa. Na gaya mata gaskiya tun ranar farko, cewa shi ya yarda ya taho, ni na riƙe shi. Ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni ko yaron ya iya. Na ce ya iya. Ta ce to. Har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ban taɓa sanin me ke cikin wannan "to" ɗin ba. An binne shi kusa da ubansa. Dogon ban sake ganinsa ba, ban san ƙauyen da aka kai shi ba.

Na bar abu ɗaya sai yanzu, don in na faɗe shi ba na iya ci gaba. Ranar da muka bar Paraku, motar ta tsaya a Turu, bakin gari, ana ƙara ɗaure buhuna. Na yi tari sau biyu. Ya juyo ya kama haɓata, ya karkata fuskata wajen rana, ya yi min alama in buɗe. Na buɗe, na saba. Ya leƙa ya daɗe. Na ga zai yi magana, na kai ƙafa zan taka tasa, ban yi sauri ba.

"Uwargida, ya yi ja. Ki sha ruwan ɗumi da zuma. Kada ki bar kowa ya sa miki aska."